Yadda za ka ci gaba da fita nema a Legas lokacin annoba ba tare da ka kwaso wa iyalinka ciwo ba

Wajen ƙarfe uku na dare ne, farkon watan Agusta na 2014, wayata ta hau ruri. Innarmu ce daga gida, muryarta har rawa take, ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce in tashi yanzu-yanzu in ɗora ruwa in zuba gishiri in yi wanka kuma in sha, wai an ce shi ne maganin Ebola kuma dole sai kafin gari ya waye. Na ce to Inna. Ina buɗe ƙofa na tarar tsakar gidanmu a Agege ta cika, Bahaushe da Bayarabe da Ibo kowa riƙe da bokiti ana layin banɗaki. Akwai wani dattijo da duk gidan muke ce wa Baba, ɗakinsa na kallon nawa, yana da hawan jini, shi bai tsaya a wanka ba sai da ya shanye kofi biyu. Kafin azahar mu muka ɗauke shi ranga-ranga a keke zuwa asibiti. Allah ya sa da sauran shan ruwansa a gaba, amma wallahi har yau in na tuna yadda idonsa ya juye sai gabana ya faɗi.

Na ga Ebola a garin nan, na ga korona, kuma duk rani sai an yi maganar zazzaɓin Lassa. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan saboda irinmu, masu hannu baka hannu ƙwarya: ɗan dako a Mile 12, mai shayi a Obalende, mahauci a Oko-Oba, mai sayar da raguna a Alaba Rago, direban keke a Idi-Araba, da matan da ke tuya a ƙofar gida. Mai albashi in an ce ya zauna a gida zai zauna, mu kuwa in ba a fita ba tukunya ba ta hawa wuta. To tunda fitar ta zama dole, sai a san yadda za a yi ta.

Matakin farko, kafin ka sayi komai ko ka daina komai, ka tambaya: wannan cutar ta ina take shiga jikin mutum? Nan ne mafi yawanmu muke yin kuskure, muna ɗaukar duk annoba ɗaya ce. Akwai mai bin iska, irin korona da mura mai tsanani da ƙyanda, mutum ya yi tari ko atishawa ko ma magana kawai ƙwayar ta fito ta tsaya a iskar ɗaki kai kuma ka shaƙa. Ita wannan babban abokin gabarka shi ne rufaffen wuri mai cunkoso, fili kuwa inda iska ke kaɗawa sauƙi ne gare ka. Akwai mai bin taɓawa da ruwan jiki, irin Ebola, wadda ake ɗauka daga jini, amai, gudawa da gawar wanda ta kashe, sai ƙyandar biri da ke bin ƙurajen jiki da zanin gado da tufafin mai ita. Sannan akwai Lassa wadda asalinta daga ɓera ne, fitsarinsa da kashinsa a kan abinci, daga nan kuma ta iya tsallakawa daga mutum zuwa mutum ta ruwan jiki. Sunan ma daga garin Lassa na jihar Borno aka samo shi, can aka fara gano ta a 1969. Kaga kenan wanda ya sa takunkumi uku a fuska amma ya bar garin kwakinsa a buɗe ɓeraye na wasa a kai, bai yi wa Lassa komai ba. In ka san hanyar, rabin aikin ya ƙare, sauran duk abin da zan faɗa a ƙasa kai za ka zaɓi wanda ya dace da cutar da ake ciki.

Wani abu da nake so ya zauna a ranka tun yanzu: waɗannan duk nau'in ƙwayar cutar da ake kira bairos ne, kuma kafso irin su amoksil da ake saya a kemis ba ya kashe bairos. Shan sa ba bisa ƙa'ida ba asarar kuɗi ce da lalata jiki.

Na biyu, ka tsayar da inda kake jin labari. Hukumar NCDC, mai yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa a ƙasa, tana da lambar kira kyauta, 6232, ka ajiye ta a waya yau ɗin nan. Lambar gaggawa ta jihar Legas 112 ce ko 767. Labari kuma ka ji daga ma'aikatar lafiya ta jiha, da rediyo irin su BBC Hausa da sauran gidajen da ka san suna tantancewa. Saƙon murya na WhatsApp da zai fara da "wani babban likita ya ce" ba suna ba asibiti, ka bar shi a inda ka same shi, kar ka tura wa kowa. A watan Maris na 2020 sai da aka kwantar da mutane a asibiti a Legas ɗin nan saboda sun ɗirka wa cikinsu kulorokwin don tsoron korona. Kuma don Allah in iyaye suka kira daga gida da irin wannan magana, a amsa musu da ladabi, a ce to Inna, to Baba, sannan daga baya a kira a yi musu bayani a hankali, su ma tsoron rasa mu ne ya sa.

Na uku, shirin gida, kuma wannan ana yin sa ne tun ana jin ƙishin-ƙishin, ba sai an rufe gari ba. Ka tuna yadda ta kasance: ranar 27 ga Fabrairu 2020 aka tabbatar da mutum na farko mai korona a Najeriya, wani ɗan Italiya da ya sauka a Legas, ranar 29 ga Maris Shugaba Buhari ya yi jawabi, kashegari da ƙarfe 11 na dare aka kulle Legas da Abuja. An ce kwana 14, sai ga shi ba a sassauta ba sai 4 ga Mayu, azumi ma a cikin kullen ya kama. Wanda bai da ajiya ya ji jiki ba kaɗan ba. Ba sai ka sayi buhu ba. Duk ranar da ciniki ya yi kyau ka ƙara mudu ɗaya na shinkafa ko wake ko gari, ɗan manja, gishiri, busasshen barkono da kuɓewa da kuka, har ka tara abin da zai riƙe gidan sati biyu. Amma ka zuba su a bokitin roba mai murfi ko durom, kar ka bar su a buhu a ƙasa, domin ɓeran Legas leda da buhu ba sa tare shi. Ka toshe ramukan ɗaki da siminti, a daina kwana da kwanukan da ba a wanke ba, shara a fitar da ita nesa da ƙofa. In ka kashe ɓera kar ka ɗauke shi da hannu, ka sa leda biyu ko shebur. Masu shanya gari ko barkono a bakin hanya su ma su kula.

Ruwa kuma, jarka biyu ko uku a cike ko da yaushe, don ranar da mai ruwa bai zo ba wanke hannu shi ake fara yankewa. In da hali ku haɗa kuɗi da 'yan gidan hayarku ku sayi bokitin nan mai famfo a ajiye a bakin get da sabulu. Mu a gidanmu haka muka yi, kowane ɗaki da ranarsa ta cika shi, kuma ya kawo sauƙin rigima sosai.

Kayan magani kaɗan ne ake buƙata: farasitamol, abin auna zafin jiki, ORS (garin gishiri da suga na masu gudawa), sabulu, ruwan bilic irin Hypo ko Jik, safar hannu ta roba, takunkumi. Wanda ke shan maganin hawan jini ko suga ko asma ya tanadi na wata guda aƙalla, domin su ne cutar numfashi ta fi kayarwa, su da tsofaffi.

Yanzu mu zo ga fita, nan ne zan daɗe domin nan rayuwarmu take.

Motar haya ita ce wurin da na fi jin tsoro a lokacin cuta mai bin iska. Danfo ka san yadda take, gwiwa na gugar gwiwa, kwandasta na ihu a kan fuskarka, ga gosulo a Ojota kuna zaune wuri ɗaya minti arba'in. Abin da nake yi shi ne in fita da wuri, ana sallame Asuba na kama hanya kafin tasha ta cika, kuma ina neman kujerar gefen taga in buɗe ta har ƙarshe. In wani ya ce a rufe saboda iska, sai in ce Oga yi haƙuri, don lafiyarmu ne duka, yawanci ba sa musu. Motar da na ga an cusa mutane fiye da kima ina barin ta ta wuce, gara in makara minti goma. Babbar bas ta BRT mai esi da tagogi a rufe ta fi daɗi amma iskar ciki ita ce ke ta zagayawa, to a cikinta kar ka sauke takunkumi ko kaɗan, ko waya za ka amsa. Keke ta fi su duka ta wannan fannin tunda a buɗe take. Tafiyar da ba ta da nisa kuma, kamar daga Ketu zuwa Mile 12, ka taka da ƙafa, ka huta da kuɗin mota ka kuma motsa jini.

Takunkumi sai ya rufe daga karan hanci zuwa ƙasan haɓa yake aiki. Wanda aka rataya a wuya ko aka bar hanci a waje daidai yake da babu. Na yadi ka mallaki biyu ko uku, kullum a wanke da sabulu a shanya a rana. Shuɗin nan na asibiti in ya jiƙe da gumi ya tashi aiki, kuma gumin Legas kun san shi, don haka ka riƙe na canji a leda mai tsabta. In ka samu takunkumin da ake kira N95 ya fi su duka riƙe ƙwayar cuta, ka ajiye shi don mota da asibiti da banki. In za ka cire ka kama igiyar kunne, kar ka damƙi gabansa. Ƙananan yara 'yan ƙasa da shekara biyar ba a matsa musu sai sun sa, jariri kuwa sam ba a rufe masa fuska.

A kasuwa sauƙin da muke da shi shi ne mafi yawan cinikinmu a fili ake yi. Matsalar tana wajen sauke kaya, lokacin da tirelar tumatir ko albasa ta iso kowa ya yi caa a kanta, da kuma cikin rumfunan da aka rufe da tamfol ko ta ina iska ba ta shiga. Ka ɗage tamfol ta ɓangare biyu. Ka sa tebur ko kwando tsakaninka da mai saye yadda za a samu tazarar mita ɗaya aƙalla, in ta kai biyu ya fi. Wanda zai iya turo kuɗi ta waya ya turo. In kuɗin hannu ne ba laifi ka karɓa, kuɗi ba sa cizo, abin kiyayewa shi ne hannun da ya ƙirga su kar ya tafi ido ko hanci ko baki. Masu lasar yatsa in za su ƙirga kuɗi, don girman Allah a bari. Haka goro, kar a gatsa a miƙa wa wani, a sa wuƙa a raba.

Wanke hannu da sabulu ne da ruwa mai zuba, ka cuɗa tafi da baya da tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce kana ƙirga ashirin a hankali. Roba ɗaya da mutum goma suka tsoma hannu a wurin mai abinci ba wanke hannu ba ce, ka ce a zuba maka daga buta. Sanitaiza tana maye gurbi in ba ruwa, amma ka duba jikin kwalbar, sinadarin alkohol ɗin ya kai kashi 60 cikin 100, kuma in hannu ya yi dumu-dumu da ƙasa ko maiƙo ba ta aiki sai an wanke. Alwala sau biyar ni'ima ce babba da muke da ita, sai dai ka haɗa da sabulu kafin ka fara, kuma ka riƙe butarka.

Masu shayi da masu abinci, kofi da cokali a wanke da ruwan zafi da sabulu bayan kowane mutum, benci a fito da shi waje a rage yawan masu zama. Mahauta da masu fiɗa, in cutar da ake ciki mai bin jini ce ku sa safar hannu, kuma a nisanci naman daji gaba ɗaya.

Dawowa gida shi ma mataki ne mai zaman kansa, kuma shi ne ya fi mini wuya. 'Yata ƙarama da ta ji motsin ƙofa take sheƙowa da gudu tana Abba oyoyo, ni kuma dole in ɗaga hannu in ce tsaya Mamana, bari in wanke hannu. Kwanakin farko kuka take yi, daga baya ita ce ma ke riƙo mini sabulu. Tsarin shi ne takalmi a waje, wanke hannu a bakin ƙofa, kayan kasuwa a cire a rataye wuri daban ko a jiƙa, a watsa ruwa, a goge waya, sannan a shiga cikin iyali. Minti goma ne kacal.

Sai maganar shan iska da motsa jiki. Mutane da yawa sun ɗauka annoba na nufin a kulle kai a ɗaki a rufe taga, wannan kuwa a ɗaki ɗaya mai mutum shida ga zafi ga ba wuta, wani ciwon ne daban. Jiki na buƙatar tafiya, masana lafiya na cewa babba ya samu kamar minti 150 a sati, wato minti 30 sau biyar, tafiya da ɗan sauri ta wadatar. Lokacin da ya fi shi ne bayan Asuba, gari da sanyi titi ba kowa. In ba a hana fita ba, zagayen unguwa ya isa, na kusa da Surulere suna da harabar babban filin wasa na ƙasa, na Ikeja akwai lambunan Alausa irin su JJT, na tsibiri kuma ga gadar Lekki zuwa Ikoyi da mutane ke gudu a kai. Ka je kai kaɗai ko da mutanen ɗakinku. In kana tafe kai ɗaya a fili ba kowa kusa, ba sai ka sa takunkumi ba, ka riƙe shi a aljihu saboda inda za ka haɗu da jama'a. Abin da ya ɓata lamarin a 2020 shi ne yadda mutane suka yi dafifi a titin Gbagada da sunan motsa jiki, kafaɗa da kafaɗa ana haki a fuskar juna, amfanin filin ya tafi kenan. In ka isa wuri ka ga ya cika, ka juya.

Ƙwallon unguwa a dakata da ita in cutar ta yi tsanani, musamman mai bin taɓawa, domin akwai riƙe-riƙe da gumi da shan fiya wata ɗaya mutum uku. Gidan kallon ƙwallo kuwa, rufaffen ɗakin kwano, mutum hamsin suna ihu lokaci ɗaya, babu wurin da ya fi shi haɗari ga cutar iska, ka saurara a rediyo ko ku fito da talabijin waje. In gwamnati ta kafa dokar kulle a bi ta, a yi abin da ya samu a tsakar gida: tsallen igiya, hawa da sauka a matakala, zagaya gida. Yara a fito da su su sha hantsi da safe ɗaki-ɗaki, ba duka gidan a lokaci ɗaya ba. Mata ma haka, uwargida da ke yini a ɗaki ita ta fi kowa buƙatar wannan rabin awar. Amma mai zazzaɓi ba ya motsa jiki, ya kwanta ya huta, bayan ya warke ma ya dawo a hankali.

Majalisa ba sai an fasa ta ba, a dai gyara zama. A waje, a baje tabarma biyu maimakon ɗaya, kowa da kofinsa, a bar musabaha a ɗora hannu a ƙirji. Na san abin da nauyi ka ƙi miƙa wa babba hannu, sai ka riga shi magana, ka rusuna ka ce Alhaji a gafarce ni, saboda yanayin da ake ciki ne. Ban taɓa ganin wanda ya yi fushi ba. Zaman yana da amfani, don kaɗaici da tunanin bashi da kuɗin haya sun kwantar da mutane da yawa a lokacin kulle, wanda ka ga ya yi shiru kwana biyu ka kira shi.

Masallaci, ka yi alwala daga gida, ka tafi da dardumarka, in akwai wuri a harabar waje ka tsaya can, a buɗe tagogi da ƙofofi duka. Mai tari ko zazzaɓi ya yi sallarsa a gida, malamai sun yi bayani cewa yana da uzuri, kuma cutar da jama'a ba ibada ba ce. A 2020 masallatan Legas sun daɗe a rufe, sai 7 ga Agusta aka koma Juma'a, ran nan na ga manya suna hawaye. Kiyayewar da za mu yi da kanmu ita za ta sa kar a sake kai wa ga haka. Suna da ɗaurin aure a taƙaita, a yi a fili, walima a ɗaga zuwa gaba.

Jana'iza sai an yi haƙuri an saurare ni. In Ebola ce ko Lassa ake zargi, gawar tana ɗauke da cutar sosai, kuma wankan gawa na cikin manyan hanyoyin da Ebola ta bi ta cinye iyalai a Laberiya da Saliyo da Gini. A kira jami'an lafiya su yi aikinsu da kayan kariya, a yi wa mamaci sallah daga ɗan nesa. Zuciya ba ta so, amma kar a binne mutum ɗaya a dawo a binne biyar.

To idan duk da haka wani ya kwanta a gida fa? Kar a ce maleriya ce kawai a wuce kemis. A je a yi gwajin maleriya, ɗan digon jini ne a yatsa, cikin minti 20 an gani. A ba shi farasitamol, babba ƙwaya biyu ta 500, kar ya wuce sau huɗu a yini, da ruwa mai yawa. In ana zargin Lassa ko Ebola a guji asfirin da ibufurofen domin suna ƙara zubar jini. In akwai gudawa ko amai a haɗa ORS, in babu na leda a samu ruwa mai tsabta lita ɗaya, suga ƙaramin cokali shida a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali, kar a ƙara a kan haka.

In cutar numfashi ce kuma da sauƙi, ana iya jinya a gida ko da ɗaki ɗaya ne. Mara lafiya ya koma gefen taga, taga a buɗe dare da rana a sa gidan sauro, a ja labule tsakani, shi da mai kula da shi su sa takunkumi. Mutum ɗaya ne zai riƙa kula da shi, kuma ba tsoho ba, ba mai ciki ba, ba mai suga ko hawan jini ba. Kofinsa, kwanonsa, butarsa, tawul ɗinsa daban. In akwai ɗan uwa da zai karɓi yara da tsofaffi na kwana goma, a kai su, sai dai in su ma sun fara nuna alama. Banɗakin haya a wanke shi da ruwan Hypo bayan ya shiga, kuma kar a taɓa haɗa Hypo da wani maganin wanke banɗaki, hayaƙin da ke tashi yana shaƙe mutum. A faɗa wa maƙwabta gaskiya, ɓoyewa ce ke jawo gaba daga baya.

Amma akwai alamun da in an gan su ba a jira gari ya waye: numfashi na sarƙewa ko mutum ba ya iya gama magana sai ya huta, ciwon ƙirji, ruɗewa ko barcin da ba a iya tashinsa, kasa shan ruwa, jijjiga ga yaro, jini ta hanci ko dasashi ko a bayan gida, ko zazzaɓin da ya ƙi sauka bayan kwana uku ana shan maganin maleriya. Na ƙarshen nan shi ne yadda Lassa ke yaudarar mutane, musamman wanda bai daɗe da dawowa daga Bauchi, Taraba, Edo ko Ondo ba. Tana da magani da ake bayarwa a asibiti kuma ya fi aiki in an fara da wuri, jinkiri ne ke kisa, wasu da suka tashi ma ta bar su da kurumta. Irin wannan mara lafiya ba a jinyarsa a gida kuma ba a cusa shi a danfo, a kira 6232 ko 112 a faɗi alamun, su za su ce ga inda za a kai shi, asibitin cututtuka masu yaɗuwa na jiha yana Yaba. Kafin su zo, amai ko jini kar a taɓa da hannu, a sa safar roba, a zuba ruwan Hypo mai ƙarfi, awo ɗaya na Hypo awo shida na ruwa, a bar shi ya jima kafin a kwashe.

In jami'an lafiya suka zo tambayar wa da wa ya yi hulɗa da shi, a faɗa musu tsakani da Allah. Da haka aka kashe Ebola a 2014. Patrick Sawyer, mutumin da ya shigo da cutar, ya sauka a Legas daga Laberiya ranar 20 ga Yuli, Dakta Ameyo Stella Adadevoh ta hana shi barin asibiti duk da matsin da aka yi mata, ita ma ta kamu ta rasu a watan Agusta, aka bi duk wanda ya yi hulɗa da masu cutar ana auna su kwana 21. A ƙarshe mutum 20 suka kamu a ƙasar nan, 8 suka rasu, ranar 20 ga Oktoba Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce Najeriya ta rabu da cutar. A gari mai cunkoso irin Legas, ka yi tunanin da an ɓoye.

Kar kuma tsoron asibiti ya sa mai ciki ta bar zuwa awo ko a fasa kai yara rigakafinsu na yau da kullum, ƙyanda ba ta jira a gama wata annobar. In an kawo allurar rigakafin cutar da ake ciki, a cibiyar lafiya ta gwamnati ake yi, ka je ka yi tambayoyinka ga ma'aikacin lafiya ido da ido. Ni na yi ta korona a 2021, hannuna ya yi tsami kwana biyu, shi kenan.

Saura abu ɗaya, wanda na san shi ne ke fara zuwa zuciyar kowane ɗan Arewa da zarar gari ya rikice: in tattara in tafi gida. Na fahimta, ni ma na ji haka. Amma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana shiga garin da annoba ta sauka, ya kuma hana wanda ke ciki fita don gudunta. Ka duba hikimar. Kana iya ɗauke da korona har kwana 14 ko Lassa har kwana 21 kafin ta nuna, ka yi kwana guda cur a mota da mutane a matse, ka sauka ka rungumi mahaifiyarka mai shekara saba'in a ƙauyen da asibiti mafi kusa sai an yi tafiyar awa biyu. Kuɗin motar ka tura musu ya fi musu amfani. In tafiyar ta zama dole kuma hanya a buɗe take, kar ka tashi kana jin ko ɗan zazzaɓi, ka nemi gefen taga, takunkumi a fuska har ka sauka, kuma ka kira gida tun kafin ka taso a share maka ɗaki daban.

Ni ban je ƙaramar Sallah ba a 2020, sai bayan an buɗe hanyoyin jihohi a watan Yuli na tafi. A shagon ƙofar gida na sauka, na yi sati biyu a nan, ƙanena ke ajiye mini tuwo a bakin ƙofa. Inna takan fito da yamma ta zauna a kan kujerarta 'yar tsugunne daga can bakin zaure, ni ina kan tabarma a waje, mu yi hira har a kira Magariba. Ranar da kwana 14 suka cika ta sa aka yanka zakara, a ɗakinta na ci.